Kafin Ku Zaɓi Leza Ko Wuƙa

 'Ya'yana, yanzu ku ne masu kai mu asibiti. Ku ke riƙe kati, ku ke jin Turancin likita, sau da yawa kuma ku ke biya. Mu tsofaffi abin da kuka ce shi muke bi, ko da muna ɗan gunaguni a mota. Shi ya sa na ga gara in yi wannan magana da ku. A kan dasashi take, da zaɓin da ake ajiye wa mutum idan ciwon ya yi nisa: ko a yi masa tiyata irin wadda aka saba, a tsaga a ɗinke, ko a yi masa aiki da hasken leza, wanda masu tallarsa ke cewa ba yanka, ba ɗinki, ba fargaba. Na san inda zuciyarku ta karkata tun ban rufe baki ba. Ku dai ba ni aron hankalinku tukuna.

Ciwon dasashi ba ya sallama kafin ya shigo. Haƙori mai kogo shi ne mai kwarmato, ya tashe ka tsakar dare kana laluben kanumfari. Wannan kuwa a ɓoye yake ɓarnarsa. Farkonsa ɗan jini ne a bakin asuwaki, ko ka tofar da tuƙar rake ka ga ja-ja a jikinta, sai ka ce ai buroshin jiya ne ya yi tauri, ka wuce. Alhali dauɗar nan mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori cike take da ƙwayoyin cuta. In ta kwana biyu ba a goge ta ba, sinadaran da ke cikin yawu su daskarar da ita ta zama tsatsa mai tauri, wadda ko za ka wuni kana goga ba za ta ɓamɓaru ba. Daga nan dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini.

A wannan mataki komai na iya komawa daidai. A 1965 wani likita mai suna Harald Löe, a birnin Aarhus na ƙasar Denmak, ya sa mutum 12 masu lafiyar baki, galibinsu ɗalibai, su daina goge baki gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowannensu ya kumbura. Da suka koma goga, cikin kamar mako guda ya lafa. Ba allura, ba ƙwaya, ba na'ura.

Idan aka yi sakaci ne kumburin ke gangarawa ƙasa. Dasashi ya saki jikin haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu, tsatsa ta bi ramin ta manne a saiwa. Jiki kuma, garin yaƙi da ƙwayoyin cutar, sai ya riƙa cinye ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da saiwar. Kun san turken da ruwan damina ya zaizaye ƙasar gindinsa: itacen lafiyarsa lau, bai ruɓe ba, amma ko ɗan akuya ya ja sai ya tuge. Haka za ka ga haƙori fari fat, ba kogo ba komai, yana girgiɗi. Ga warin bakin da makilin ba ya kashewa, wani lokaci har da mugunya in an danna. Yawancin giɓin da kuke gani a bakunanmu kuna cewa tsufa ne, wannan ciwo ne ya yi shi.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, fiye da mutum biliyan 1, suna da matsanancin nau'insa. Ba kuma kowa yake kamawa da ƙarfi ɗaya ba. Shi dai wannan Löe ya shafe shekaru yana bibiyar ma'aikatan gonakin shayi a Sri Lanka waɗanda ba su taɓa ganin likitan haƙori ba. A sakamakon da ya fitar a 1986, kimanin kashi 8 ciwon ya ci su da sauri, kashi 81 a hankali, kashi 11 kuwa bai wuce kumburin sama ba. Akwai gado a cikin lamarin. Wanda mahaifinsa ya zubar da haƙora tun yana da sauran ƙarfi, kada ya jira sai ya ji girgiɗi.

To, kafin a zo ga leza ko wuƙa, akwai awo. Na taɓa zama a gefe ana duba wani ƙanena. Likitar ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai layukan milimita a jikinsa, tana zura shi a hankali tsakanin dasashi da haƙori, wuri shida a kowane haƙori, tana kiran lamba, wata nas tana rubutawa. "Uku, biyu, uku. Uku, biyu, huɗu." Da ta iso turamen baya sai na ji muryarta ta ɗan sauya: "Bakwai, da jini. Shida. Bakwai." Shi kuwa yana kwance baki buɗe, yana zare ido yana kallona, bai san bakwai ɗin nan hukunci ba ne. Lafiyayyen dasashi zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ne. Daga 4 an shiga ciwo. Daga 6 zuwa sama rami ya yi zurfin da kayan aiki ke wahalar kai wa ƙarshensa. Sai a haɗa da hoton ƙashi a ga nawa ya zaizaye, kuma ta wace siffa. Duk wanda ya ce zai yi wa mahaifiyarku aikin leza ko tiyata bai yi wannan awo ba, ku yi masa godiya, ku ɗauki takalmanku.

Bayan awo, matakin farko ɗaya ne a ko'ina a duniya: a koya wa mutum goge baki yadda ya kamata, sannan a yi masa wankin haƙori mai zurfi. Za a kashe wurin da allura, a shiga ƙarƙashin dasashi da wata na'ura mai karkarwa da feshin ruwa, da ƙananan ƙarafa masu lanƙwasa, a kankare tsatsar da ke jikin saiwa. A nan ne mutanenmu ke tirjewa. Kun sha jin ana cewa wankin haƙori na sa haƙora girgiɗi, yana buɗe wushiryar da ba a haife ka da ita ba. Gaskiyar magana, ƙashin ya riga ya tafi tun tuni, tsatsar ce ta toshe gurbin tana ɓoye ɓarnar. Da aka cire ta, kumburi ya saɓe, sai abin da ke ɓoye ya fito fili. Wanki bai jawo ba, tona asiri ya yi.

Daga nan sai haƙuri. A bar baki ya huta kamar wata biyu ko uku, a sake awo. Ramuka da yawa za su rufe da kansu, mutane da yawa kuma a nan maganinsu ke ƙarewa. Ƙa'idar da Tarayyar Ƙungiyoyin Likitocin Dasashi ta Turai ta fitar a 2020 ta ce ramin da ya rage a milimita 4 zuwa 5 a sake wanke shi, wanda ya tsaya a 6 ko fiye shi ne ake yi wa maganar tiyata. Ta kuma ce kada a yi tiyata ga wanda bai iya tsabtace bakinsa ba tukuna. Kun ga ashe tambayar leza ko wuƙa ba ta kowa ba ce, ta wanda ya wuce waɗannan matakai ce.

Tiyatar kanta ba abin tashin hankalin da sunanta ke sawa ba ce. A kujera ake yi, mutum na farke, wurin kawai aka kashe. Likita zai tsaga gefen dasashi, ya ɗaga shi ya kwantar gefe, saiwa da ƙashi su fito fili. Sai ya kankare tsatsa yana ganinta da idonsa, ya cire ruɓaɓɓen nama, in gefen ƙashi ya yi gargada ya daidaita shi, ya mayar da dasashi ya ɗinke. Bayan mako ɗaya ko biyu a cire zare. Tsohuwar hanya ce. Leonard Widman ɗan ƙasar Suwidin ya bayyana ta a 1918, Ramfjord da Nissle suka gyara ta a 1974 ta yadda ba a yanke nama da yawa. An bi waɗanda aka yi wa ita shekara da shekaru, an san abin da take yi da abin da ba ta yi.

Ba zan ɓoye muku wahalarta ba. Akwai kumburi da raɗaɗi na 'yan kwanaki. Dasashi kan ja baya, haƙora su yi kamar sun ƙara tsawo, ruwan randa ma ya riƙa tsirawa har ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Ga budurwa ko matashin da abin ya shafi haƙoransa na gaba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban ga laifin wanda ya damu da shi ba.

Ita kuwa leza, Theodore Maiman ne ya fara kunna ta a Kalifoniya a 1960, haske ne mai launi ɗaya da aka tattara wuri guda har yana iya ƙona nama. Ba iri ɗaya ba ce, kuma wannan na cikin abin da talla ba ta faɗa. Wata irin, ruwa ne ke shanye haskenta, tana iya ɓamɓare tsatsa. Wata kuma abu mai duhu take bi, jini da kumburarren nama da wasu ƙwayoyin cuta masu baƙin launi, amma ba ta cire tsatsa. Hanyar da ta fi suna, wadda ake kira LANAP, da irin ta biyun ake yin ta. Wasu likitocin haƙori biyu na Kalifoniya, Robert Gregg da Delwin McCarthy, su suka ƙirƙiro ta a shekarun 1990, kamfaninsu kuma ke sayar da na'urar, mai suna PerioLase.

Ga yadda ake yi. A kashe wurin da allura, don ita ma leza ba ta raba ku da allura ba. Kowa a ɗakin ya sa tabarau na kariya. A zura wani siririn zaren gilashi da bai kai rabin milimita ba cikin ramin, haske ya ƙone ruɓaɓɓen naman da ya shimfiɗe bangonsa. Sai a ajiye leza, a ɗauko na'urar nan mai karkarwa a kankare tsatsa, daidai yadda ake yi a wankin haƙori. A sake zura leza don jini ya daskare ya toshe bakin ramin. A ƙarshe a ɗan goge saman haƙoran da ke karo da juna. Mutum ya koma gida ba ɗinki, ya yi kwanaki yana shan kunu da fate-fate. Jini kaɗan ne, kumburi kaɗan ne, masu yi da yawa suna cewa zafin bai kai na tiyata ba, dasashi kuma bai cika ja da baya sosai ba. Duk wannan alheri ne, ban raina shi ba.

Inda nake so ku tsaya ku yi tunani shi ne wajen hujja. Za a ce muku hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da hanyar tun 2004. Haka ne. Sai dai irin wannan amincewa izinin sayar da na'ura ne don wani aiki, ba shaida ba ce cewa ta fi tiyata. Za a ce muku an ga sabon ƙashi da sabuwar jijiya sun tsiro a madubin likita. Shi ma an gani, amma binciken 2007 da aka fi kafa hujja da shi haƙora 12 ne kacal a cikinsa, 6 daga ciki aka yi wa leza. A 2018 Ƙungiyar Likitocin Dasashi ta Amurka ta fitar da rahoton masanan da ta tara suka auna abin da ke hannu. Suka ce idan an ƙara leza a kan maganin da aka saba, ribar da za a iya samu ba ta kai milimita 1 ba, kuma babu isasshiyar hujjar cewa leza ita kaɗai ta fi hanyar da aka saba ko ta yi daidai da ita. Ƙa'idar Turai ta 2020 ma shawara ta bayar kada a ƙara leza a kan wankin ƙarƙashin dasashi. Waɗannan ba maƙiyan ci gaba ba ne. Su ne masu aikin, da yawansu suna da na'urar a ɗakunansu.

Akwai kuma abin da hankali ma zai ba ku. Mai leza yana aiki ne cikin ramin da ba ya ganin ƙarshensa. A turamen baya, inda saiwa ta rabu biyu ko uku, tsatsa na maƙalewa a lungun da sai an buɗe ake gani. Zafin haske kuma, a hannun wanda bai ƙware ba, yana iya ƙona saiwa ko ƙashi. Na'urar tana da tsada ƙwarai, wanda ya saye ta dole ya so ta yi aiki, ko da mutumin kirki ne. Ba zargi nake yi ba, halin ɗan Adam ne, ni ma da na saya da na yabe ta.

To ni me na gani? Idan ramuka masu zurfi ne, ƙashi ya zaizaye ta siffar da ke son gyara ko ciko, ni zan zaɓi tiyata a hannun ƙwararren likitan dasashi, in sha zafin mako guda. Idan kuwa dattijo ne mai shan maganin tsinka jini saboda zuciya, ko wadda tsoron wuƙa zai sa ta gudu ta ƙi dawowa sam, kuma ga likita da ya iya leza, ga halin biya ba tare da an sayar da gona ba, to a yi, ya fi zama haka nan. Kada dai wanda ke shan irin wannan magani ya dakatar da shi da kansa don za a taɓa masa baki, sai likitan da ya rubuta masa ya sani. Abin da ba na so shi ne ku ci bashi don haske, kuna zaton kun sayo wa iyayenku abin da ya fi, ko ku ji kunya don ba ku iya biyansa ba.

Bari in ba ku labarin wani bincike da ya fi duk waɗannan tsaya mini a rai. A birnin Gothenburg na Suwidin, a shekarun 1970, Jan Lindhe da abokan aikinsa Sture Nyman da Bengt Rosling sun gwada hanyoyin tiyata 5 daban-daban. Marasa lafiyar da aka riƙa kira ana wanke musu baki duk mako biyu bayan aikin, sun warke da kyau ko da wace hanya aka bi. Waɗanda aka sallama aka bar dauɗa ta sake taruwa, ciwon ya dawo musu, ko da wace hanya aka bi. Wannan kafin leza ta shigo ɗakin likitan haƙori ne, amma ƙwayoyin cutar ba su sauya hali ba. Ramin da aka ƙone da haske, in an bar shi da dauɗa, zai sake buɗewa kamar wanda aka ɗinke.

A nan maganar ta dawo kanku, ku da kuke ganin ciwon na tsofaffi ne. Taba ita ce babbar abokiyar wannan ciwo, kuma munafuka ce: tana matse jijiyoyin jini, dasashin mai shanta ba ya yawan jini, sai ya ɗauka lafiya yake alhali ƙashi na tafiya. In an yi masa aiki ma, ba ya warkewa kamar wanda ba ya sha. Shishar nan da kuke zama a kewaye da yamma kuna cewa ai ƙamshin tuffa ne kawai, taba ce. Sai ciwon suga, wanda ya yi yawa a gidajenmu yanzu. Su biyun suna ciyar da juna: suga in ya hau yana rura ciwon dasashi, ciwon dasashi kuma yana wahalar da saukar suga, maganinsa yakan ɗan taimaka wajen saukar da shi. Duk wanda zai kai mahaifinsa aikin dasashi, ya fara sanin inda sugansa yake. Ku kuma 'yan matana, in juna biyu ya zo dasashi ya kumbura yana jini, kada ku daina goga don tsoron jinin, lokacin ne ma ya fi bukatarta.

Asuwaki sunna ne, kuma yana aiki in an iya riƙe shi, a bi haƙori ɗaya-ɗaya ciki da waje, ba a bar shi a gefen baki ana hira ba. Amma shi da buroshi duk ba sa shiga tsakanin haƙora, can kuwa ciwon ya fi farawa. Akwai zaren sakace, akwai kuma wasu 'yan ƙananan buroshi da ake zurawa tsakani, waɗanda suka fi dacewa da wanda haƙoransa suka riga suka buɗe. Gawayi da toka da ake dirzawa don fari, ku bar su, suna cinye haƙori ne.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa wa mutanenmu ba. Idan za a yi ciko don ƙashi ya sake tsirowa, ku tambayi daga me aka yi kayan. Wani garin ƙashin daga saniya ake samo shi, wani daga mutum, wani haɗin ɗakin gwaji ne. Wani magani mai suna Emdogain, da ake shafawa a saiwa, daga haƙoran 'ya'yan alade ake tatso shi, wasu daga cikin 'yan fatun da ake rufe ciko da su ma daga jikin alade ake samo su. Likita a wata ƙasa ba lallai ya tuna ya gaya muku ba. Ku tambaya tun kafin a kwantar da mutum, ku ji ko akwai madadi, in kuma babu ku nemi fatawar malami da natsuwa.

Na san wasunku da Allah Ya hore wa suna kai iyaye Masar ko Indiya ko Dubai, a haɗa duba ido da na baki a tafiya ɗaya. Ba laifi. Amma aikin dasashi ba a gama shi a mako biyun biza. Wanda aka yi wa, ko da leza ko da wuƙa, zai riƙa komawa ana dubawa ana wankewa, da farko kamar duk wata uku, har iyakar rayuwarsa. Saboda haka tun kafin ku sayi tikiti ku san wa zai karɓe shi a gida. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Maiduguri suna da sashen haƙori, akwai kuma likitoci masu zaman kansu da ke da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa. Ku fara zuwa nan a yi awo da wanki, mai yiwuwa ma tafiyar ta faɗi. In kuma an tafi, kada ku baro can sai an ba ku takardar lambobin nan da nas ta rubuta, da hotunan ƙashi, da sunan duk abin da aka sa a bakin, don likitan gida ya san daga inda zai ɗora in wata uku ta cika.